Habasha a ƙarshen Agusta, kuma Baba ya ce ƙafata ƙafarsa. Wa ya san ƙasar?

Malam_Gyallesu:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa zuwa Habasha ko ya san kan ƙasar. Ni malamin sakandare ne a nan Zariya, dogon hutu ne kaɗai lokacin da nake da shi, shi ma in an cire makin da haɗa sakamako da lesin ɗin hutu abin da yake rage min bai wuce satin ƙarshe na Agusta zuwa farkon Satumba ba kafin a koma. Na daɗe ina tari, har adashe na shiga saboda wannan tafiyar, to yanzu kwasata ta zo kuma bana so kuɗin su narke a hidimar yau da gobe kamar yadda suka saba.

Abin da nake so in gani duwatsu ne na gaske. Hotunan duwatsun Simien ne suka hana ni sakat, wajen da mutum zai tsaya bakin kwazazzabo ya hango gajimare a ƙasansa, ga birai masu jan ƙirji suna kiwo gefenka ba ruwansu da kai. Ina kuma son Lalibela in da hali, cocin da aka fafe daga cikin dutse ɗaya ai abin a gani ne ko ba addininka ba.

To inda gizo ke saƙar shine Baba ya ji labari wajen uwargida, ya kira ni ya ce in dai Habasha za ni to ƙafata ƙafarsa, shi burinsa ya ziyarci inda Najashi yake da sahabban da suka yi hijira can. Shekarunsa sun haura 65, yana da hawan jini kuma kullum yana shan magani, amma dai da ƙarfinsa, da kansa yake zagaya gonarsa ta hanyar Basawa. Ni kuma ban iya ce masa a'a ba.

Tambayoyina: lokacin ya yi kuwa? Yaya sanyi, yaya ruwan sama? Ta Kano zamu tashi ko sai Abuja? Biza fa? Abinci da nama na halal ana samu ba wahala? Kuma zai yiwu a haɗa Simien da Lalibela da wajen Najashi a cikin kamar sati ɗaya da rabi? Hawa dai ba ya ba ni tsoro, na saba kai ɗalibai dutsen Kufena na nan Zariya. Nagode.

Alhaji_Kwangila:

Wa alaikumus salam Malam. Kufena fa ka ce? Allah ya ba ka haƙuri amma sai da na yi dariya ni kaɗai a shago. Bari dai in fara da mai sauƙin. Ta Kano za ku tashi, Ethiopian Airlines na zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, tafiyar kamar awa huɗu da rabi zuwa biyar ce zuwa filin Bole na Adis Ababa, kuma suna gaba da mu da awa 2. Ni fatauci ne yake bi da ni ta can, wani lokaci in kwana wani lokaci in yi 'yan kwanaki, saboda haka birnin na san shi daidai gwargwado, duwatsun arewa kuwa sai dai abin da abokan hulɗa suke faɗa min.

Maganar lokaci kuwa gaskiya ɗaya ce, ka zaɓi tsakiyar markarsu. Damina babba a tudun Habasha daga Yuni take zuwa Satumba, Yuli da Agusta su ne ƙololuwa, wato daidai lokacin da mu ma nan ruwa yake hana mu shanya. Bambancin shine nasu ruwan da sanyi yake zuwa. Adis Ababa tana kan tudu mai tsawon mita 2,300 da ɗoriya, da rana in an yi sa'a zafi ya kai digiri 20, da dare ya sauko wajen 11 ko 12, ga laima ga hazo, wani lokacin har ƙanƙara take zubowa ka ji ta kan kwano kamar ana jifa. Yawancin ƙananan otal ba abin ɗumama ɗaki, bargo ne kawai za a jibga maka, saboda haka kafin ka biya kuɗin ɗaki ka shiga bayi da kanka ka buɗe famfon ruwan zafi ka tabbatar yana aiki, in ba haka ba alwalar asuba sai ta gagari Baba. Yadda ruwan yake yawanci da safe akan samu sarari, daga azahar zuwa yamma sai hadari ya haɗo, to duk abin da za ku gani ku fita da wuri. Suwaita mai kauri, jaket ɗin ruwa, safa, hular sanyi, takalmi rufaffe wanda ba ya santsi. Kada ka ce za ka je da silifas da yadi mara nauyi dan kana ganin ai Afirka ce.

Shi Simien ɗin da kake so, abin kallon nasa ai hangen nesa ne, to a Agusta hazo yakan rufe komai, ka sha wahalar hawa cikin taɓo ka iso bakin kwazazzabon ka tarar da fari fat ba abin da kake gani. Masu zuwa can daga Oktoba suke farawa, ruwa ya ɗauke ƙasa kuma tana nan kore shar.

Biza kada ku kuskura ku ce sai kun sauka, a 2022 aka daina ba 'yan Najeriya biza a filin jirgi. Ku nema tun kuna gida, ta intanet a shafin gwamnatinsu na ainihi ko ta ofishin jakadancinsu a Abuja, ku buga ta a takarda ku riƙe. Akwai shafukan bogi masu kama da na gaske da suke ninka kuɗi, ka kula. Da yalo kad na rigakafin shawara, kowa da nasa.

Sai abin da yake rikita baƙi, agogonsu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shine ƙarfe 1 a wajensu, in direba ya ce zai zo ƙarfe 2 na safe to 8 yake nufi ba tsakar dare ba. Kullum ka tambaya agogon wa ake magana, in ya so ka nuna masa a fuskar wayarka. Kalandarsu ma daban, wata 13 ne, 12 masu kwana talatin-talatin sai ɗan ƙarami mai kwana 5 ko 6 a farkon Satumba, shekararsu kuma tana bayan tamu da 7 zuwa 8, a Satumban 2007 ne suka yi bikin shiga shekara ta 2000. In ka ga rasit da wata tsohuwar shekara kada ka ɗauka cutarka aka yi.

Anti_Nas:

Slm. Ni duk ba ruwa ko biza ne ya dame ni ba, Baba ne. Aikin jinya nake yi, kuma ɗan'uwa ina roƙonka ka karanta wannan da kyau.

Zariya bata kai mita 700 daga teku ba. Jos da muke cewa sanyi wajen 1,200 take. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. To ka ga ranar da kuka sauka a Bole kun yi kusan daidai da ƙololuwar ƙasarmu, ba a hankali kuka hau ba jirgi ne ya ajiye ku. A wannan tsayin iskar da mutum yake samu a kowane numfashi kusan kashi 3 cikin 4 ne na wanda zai samu a bakin teku. Yawancin mutane ba abin da zai same su sai ɗan haki in sun hau bene, ɗan ciwon kai, barci ya ƙi daɗi daren farko, shikenan jiki ya saba. Amma zangon da ake kwana a Simien daga mita 3,200 ne zuwa 3,600, shi kuwa ƙololuwarsa Ras Dashen ya haura 4,500. Nan kam ba wajen dattijo mai hawan jini bane wanda bai taɓa wuce tudun Jos ba, ga sanyi ga jiƙa ga asibiti da nisa, kuma jini yakan ƙara hawa a irin wannan tudun ko ga wanda yake shan magani.

Zagaya gona ba shi ne gwaji ba. Ciwon tudu ba ruwansa da ƙarfi, yakan kayar da saurayi ɗan ƙwallo ya bar tsohuwa, dan haka kai ma Malam kada ka saki jiki.

Abin da zan ce ku yi: ka kai shi wajen likitan da ya saba dubashi tun yanzu ba ana gobe tafiya ba, ka faɗa masa tsayin wuraren da lamba, a auna jinin a duba zuciya. Akwai ƙwayar da ake bayarwa dan ciwon tudu, Diamox, amma kada ka je kemis ka siyo masa da ka, tana sa yawan fitsari kuma in maganin jininsa ma mai sa fitsari ne sai an duba yadda za su zauna tare. Magungunansa su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu da takardar likita, da rarar na kamar sati, da ƙaramar na'urar awon jini. Kwana biyun farko ba yawo mai nisa, a sha ruwa sosai ko ba a jin ƙishi saboda sanyi yana ɓoye ƙishirwa. In ka ga yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta fara rikicewa, ba shayi ba Panadol, asibiti kai tsaye kuma a sauko da shi ƙasa.

Iyayenmu kuma ka san halinsu, ba za su ce ba su da lafiya ba dan kada su ɓata maka tafiya. Kai za ka sa ido.

Sauro babu matsalarsa a Adis saboda tudun, amma in kun gangara ƙasa irin su Dire Dawa akwai maleriya.

Dan_Samaru:

Malam ni fa shawarata daban. In duwatsu kake so a Agusta me ya kai ka inda ake marka? Ka tafi Ruwanda, lokacin rani ne a can daga Yuni har tsakiyar Satumba, Kigali wajen mita 1,500 ne ba zai takura Baba ba, 'yan Afirka ba sa wahalar biza, ga tabkin Kivu ga tuddai iya ganinka, akwai unguwar Musulmi Nyamirambo masallatai da abinci ba matsala. Leda ce kawai ba a shiga da ita. Gwaggon biri, wato gorila, ne dai sai mai hannu da shuni, dala 1,500 kuɗin izinin gani mutum ɗaya.

Ko kuma ka riƙe dalarka ka hau Mambila, duk da ita ma yanzu ruwa ne kuma hawan Gembu ba wasa ba.

Malam_Gyallesu:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka. Alhaji na karɓi dariyar, Kufena ta tsaya a matsayinta. Anti wallahi jikina ya yi sanyi da na ga lambobin nan, maganar likita na ɗauka. Dan_Samaru shawararka mai kyau ce amma Baba ba dan tudu zai bi ni ba, in na ce masa Ruwanda zai ce Allah ya kiyaye hanya ka gaishe su. To ita ziyarar Najashi fa, ba wanda ya taɓo ta, a ina wajen yake takamaimai kuma ana zuwa yanzu?

Abu_Hanifa_Tudunwada:

Malam barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a wannan niyya ta kai mahaifi. Burin Baba ba ƙaramin abu bane. A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), wajen 615 miladiyya, ya umarci sahabbai da su tafi Habasha saboda akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wajensa, cikin ayarin farko har da Sayyidina Usman da matarsa Nana Rukayya. A gaban wannan sarkin ne Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta Suratu Maryam lokacin da Kuraishawa suka aiko a maido su, sarkin ya ƙi miƙa su, da ya rasu kuma Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. Duk wanda ya taso yana jin wannan a karatun sira dole ransa ya so ganin wajen.

Garin sunansa Negash, yana jihar Tigrai can arewa, kusa da Wukro, kamar kilomita 60 daga Mekele babban birnin jihar. Akwai masallaci da hubbaren da mutanen wajen suke danganta wa Najashi da wasu daga cikin sahabban da suka rasu a can. Turkiyya ta gyara wajen, sai kuma yaƙin Tigrai ya ɓarke a Nuwamban 2020 aka lalata wani sashe na masallacin. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Pretoria a Nuwamban 2022, jirage suka koma zuwa Mekele, amma tsakanin gwamnatin tarayya da shugabannin yankin zaman doya da manja ake yi, ga Eritrea a maƙwabta. Wajen da yau lafiya gobe a rufe hanya ko a soke jirgi, kai kuma kana da dattijo mai shan magani da ranar komawa aji.

Lalibela da Gondar da Simien kuma duk a jihar Amhara suke, inda sojoji da mayaƙan Fano suke fafatawa tun 2023, har dokar ta ɓaci aka sa a watan Agustan shekarar, Lalibela kanta an yi faɗa a cikinta. Hanyar mota da ta fita daga Adis ta yi arewa kuma an sha tare motoci ana kwashe mutane dan kuɗin fansa. Mu da muka san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saboda haka maganar shiga bas daga Adis zuwa arewa ka cire ta kwata-kwata. In ma za a je Negash to jirgi ne zuwa Mekele, mota da ɗan jagora amintacce da otal ya haɗa ka da shi, a je da safe a dawo kafin la'asar, kuma kada ka biya kuɗin wannan ɓangaren tun daga nan, ka bari sai kun sauka ka ji daga bakin mutanen gari da ofishin jakadancin Najeriya da yake Adis. In suka ce a dakata to a dakata. Ziyarar ba farilla ba ce, kuma tun a gida ya kamata ka shirya zuciyar Baba a kan haka cikin ladabi, ka ce masa za a gwada in Allah ya nufa, kada ka yi masa alkawari.

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum. Na ga duk an tsorata Malam, bari ni in ɗan sanyaya masa rai. Aiki ya taɓa zaunar da mu a Adis ni da maigida, kuma damina muka tarar, ba a fasa rayuwa ba. In ka cire arewa daga lissafi har yanzu akwai tafiya mai daɗi a sati ɗaya da rabi, kuma ni a ganina Harar ce amsarku ku biyun.

Harar tana gabas, tudunta wajen mita 1,900, wato ƙasa da Adis, ruwanta bai kai na tsakiyar ƙasar yawa ba kuma ta fi ɗumi. Jirgi za ku hau zuwa Dire Dawa kamar awa ɗaya, daga nan mota ta hau da ku kilomita hamsin da wani abu, hanyar tana nannaɗe duwatsu ga gonaki hawa-hawa a jikin tudu, Malam ka zauna gefen taga ka more. Dabara ɗaya, in tikitinku na zuwa ƙasar na Ethiopian Airlines ne suna rage kuɗin tikitin cikin gida sosai, ka nuna lambar tikitin lokacin siya, ejan ɗinka ma ya sani in ka tuna masa.

Garin tsohon birnin Musulunci ne cikin ganuwa, sunan ganuwar Jugol, a ƙarni na 16 aka gina ta zamanin Amir Nur, ƙofofinta na asali 5, kuma tana nan tsaye ana gyara ta, abin da in na tuna halin da tamu ta Zazzau take ciki sai raina ya sosu, amma bari in yi shiru. A cikin wannan ɗan birnin da za ka ratsa da ƙafa cikin ƙanƙanin lokaci akwai masallatai 82 da hubbarori sama da 100, UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 2006. Lunguna ne matsattsu an shafe bango da shuɗi da kore da ruwan hoda, wani lungun in kun haɗu da mutum sai ɗaya ya karkace. Ku kwana a gidan gargajiya na Harariyawa ko da dare ɗaya ne, akwai waɗanda suka mayar da gidajensu masauki. Falon dakali-dakali ne an shimfiɗe da darduma da matasai, kowane dakali da wanda yake zama a kai, na maigida daban na malamai da manyan baƙi daban na yara daban, bango kuma tun daga ƙasa har sama an jere shi da faifai da kwanduna masu launi da kwanonin tasa. Na tabbata Baba zai zauna a wannan falon ya ƙi tashi. Da asuba kiran sallah ta ko'ina.

Da daddare kuma a bayan ganuwa ake ciyar da kuraye, ba a keji ba, na daji ne suke fitowa daga duhu, mutumin yana zaune da kwandon nama yana kiransu yana miƙa musu a kan ɗan tsinke, fitilar mota ce take haska wajen. Har a baki yake riƙe tsinken kura ta zo ta zare. Ni dai daga cikin mota na kalla ban sauko ba.

Abu ɗaya a Harar, ganyen chat da suke taunawa ko'ina za ka gani, bayan azahar gari yakan yi lakwas saboda shi. Can ba laifi bane amma a nan NDLEA kama mutum suke yi a kansa, kada wani ya ba ka ƙunshi ya ce tsaraba ko ka kai wa wani, kai ko wane irin saƙo ne ma kada ka karɓa a filin jirgi. Tsaraba ka siyo gahawar Harar da faifai.

Abinci ba matsala, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar Musulmi ne a ƙidayar 2007. Sai dai nama a rabe yake, mahautan Kirista da alamar kuros a shagonsu na Musulmi da jinjirin wata ko rubutun Larabci, su ma Kiristocin ba sa cin yankanmu, dan haka ba wanda zai ji haushi dan ka tambaya. A Adis ku nufi wajen kasuwar Merkato kusa da masallacin Anwar ko unguwar Bole Mikael inda Somaliyawa suke da yawa, shinkafa da naman akuya da taliya har sai kun ture. Inda kuke shakka ku ce a ba ku abincin azumi, Kiristocin Orthodox ba sa cin nama da madara da ƙwai ranar Laraba da Juma'a shi ya sa kusan kowane gidan abinci yana da shi, sunan farantin beyaynetu, wake da ganye da miyar shiro an jera a kan injera. Ita injerar kamar sinasir take amma faffaɗa da tsami sosai, da ƙwayar tef ake yinta, ranar farko Baba zai yamutsa fuska, ku riƙe garin kunu da ƙuli da yajinku dan ko ta kwana. Kitfo ɗanyen nama ne ku kiyaye. Sannan in kun ga wani abin sha ruwan ɗorawa a kwalba mai dogon wuya kamar lemo, sunansa tej, giyar zuma ce.

Shi kuma tudu Malam ba za ka rasa ba. Entoto yana saman Adis, ya haura mita 3,000, mota tana kaiwa har sama, nan Sarki Menelik ya zauna kafin a sauko a kafa birnin, da safe kafin hadari ya haɗo za ka ga garin gaba ɗaya a ƙasanka cikin ƙamshin turare na itatuwan dogon yaro irin na Turawa, wato zaiti. Wannan ka bari sai ƙarshen tafiya jiki ya saba, kuma in likita bai yarda ba ka bar Baba a otal da shayinsa ka je kai kaɗai. Ranar da ruwa ya tsare ku akwai gidan tarihi na ƙasa inda ake ajiye ƙasusuwan Lucy da aka tono a 1974, da sabon gidan tunawa da yaƙin Adwa na 1896 da suka kori Italiya, a matsayinka na malami ai ka samu abin ba ɗalibai labari. Bishoftu ma ba nisa, tabkuna ne a cikin ramin tsofaffin duwatsu masu aman wuta, a je a dawo rana ɗaya.

Da hutunka zai kai 11 ga Satumba da ka ga sabuwar shekararsu, lokacin wata fulawa rawaya take rufe tuddai yara mata suna bi gida-gida da waƙa, amma na san makaranta ba za ta jira ka ba.

Alhaji_Kwangila:

Hajiya ta gama magana. Ƙari kan kuɗi kawai: dala za ka riƙe, sababbi marasa yagewa, kada ka dogara da katin naira. Ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi ka ajiye rasit, canjin bayan fage laifi ne a can ba kamar yadda muka saba ba, kuma tunda suka saki darajar kuɗinsu birr a Yulin 2024 ribar bayan fagen ma bata kai a shiga haɗari ba. Ka dinga canzawa kaɗan-kaɗan dan kada birr ta rage maka a hannu. Layin waya ka siya a filin jirgi da fasfo, Ethio Telecom ko Safaricom, ka sauke manhajar Ride ko Feres dan tasi, ya fi ciniki da direba ba ku jin yaren juna. Merkato kuma waya a aljihun gaba.

Malam_Gyallesu:

Madalla, Allah ya bar zumunci. Na zauna da Baba bayan isha'i na karanta masa duk abin da kuka rubuta, maganar kuraye ce ta fi ba shi dariya, ya ce shi ma daga mota zai kalla. Negash ya ce in ta yiwu alhamdulillah in bata yiwu ba ya dai taka ƙasar da ta karɓi sahabbai. Simien na haƙura da ita bana, raina dai bai so ba. Yanzu tsarin Adis, Harar, a dawo Adis, Entoto a ƙarshe. Litinin za mu ga likita.

Tambaya ɗaya ta ƙarshe, na ɗauko fasfo ɗinsa wanda ya yi Umara da shi na ga a watan Janairu zai ƙare, zai yi ko?

Alhaji_Kwangila:

Ba zai yi ba Malam, sai da sauran wata 6 cif daga ranar da za ku shiga ƙasar, nasa kuwa biyar ne ma da ƙyar. Gobe da sassafe ka cike masa sabuntawa ta intanet ka duba sunansa da ranar haihuwa sun yi daidai da na NIN ɗinsa harafi da harafi, nan ne ake maƙalewa. Kada ka biya tikiti sai sabon ya fito dan da lambarsa za a nemi biza.